Yadda ake zaɓen kalmar Turanci idan gwiwa ta yi sanyi

Shawarar da ta fi ɓata mini rai a harkar koyar da Turanci ita ce wadda ake ba ɗalibi cewa ya jero kalmomi masu kama da juna, ya ɗauki wadda ta fi tsayi don ya burge mai maki. Ita ce ke sa yaro ya rubuta demoralized a jarrabawar WAEC, alhali abin da ya faru kawai abokinsa ne bai zo biki ba. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina.

Da farko, faɗi maganar da Hausa a ranka. Gwiwa ce ta yi sanyi, ko sarewa aka yi, ko har an fid da rai? Amsar ita za ta nuna maka kalmar.

Na biyu, rubuta morale, wato karsashi, da e a ƙarshe. In ka manta ta, ka rubuta moral ke nan, wato zancen ɗa'a da tarbiyya. A baki ma sun sha bamban: ta farko ana danna gaɓarta ta ƙarshe, ta biyu kuwa ta farko. Ba a yi wa morale jam'i. "Morale is low" ake cewa, in kuma ana son farfaɗo da karsashin mutane a ce "to boost morale".

Mataki na uku shi ne aikin. Tambayi kanka wa abin ya sama, kuma ina zurfinsa ya kai.

Demoralized ta fi zama a kan jama'a masu aiki tare: sojoji, ma'aikata, 'yan ƙwallo. Dubi malaman firamaren da suka yi wata uku ba albashi. Suna zuwa, suna sa hannu a rajista, amma alli na ajiye kan tebur, kowa na gindin darbejiya yana lissafin bashin mai shago. Su ne za ka ce "The teachers are demoralized". Ana faɗa wa mutum ɗaya ma, amma sai wanda wahala ta daɗe tana nuƙurƙusa har ya daina yarda da kansa. Daga Faransanci kalmar ta shigo, a shekarun 1790, zamanin juyin juya halin Faransa, kuma a lokacin ɓata tarbiyya take nufi. Kada ka yi mamaki in ka ci karo da wannan ma'anar a tsohon littafi.

Discouraged ba ta kai nan ba. Mai ita gwiwarsa ta yi sanyi, amma kalma ɗaya mai daɗi na iya tayar da shi. Tana kuma da aiki na biyu, wato kashe wa wani gwiwa don ya fasa abu, kuma a nan ne nake jan kunne sosai: from ke biye da ita, sannan aikatau mai ƙarewa da ing. "My uncle discouraged me from selling the farm." Wanda ya rubuta "to sell" ya zubar da maki a banza. Disheartened 'yar uwarta ce, sai dai ta fi taɓa zuciya, kuma an fi ganinta a rubuce.

Dejected ido ke ganinta: mai tsaron gida zaune a raga bayan an tashi wasa, kai a sunkuye, ya yi tagumi. Despondent kuwa yanke ƙauna ce, ka ajiye ta sai ranar da ta cancanta.

Disappointed ba ta cikin wannan gida, duk da yadda muke cusa ta ko'ina. Ka sa rai, ba ka samu ba, shi ke nan. Ɗan kasuwa na iya jin haka da safe, da yamma ya koma rumfa da ƙarfinsa.

Na huɗu, kula da wutsiyar kalma. Ed ta wanda abin ya sama ce, ing ta abin da ya jawo. "The result is discouraging", amma "I am discouraged". In ka rubuta wa shugaban wurin aikinka "I am discouraging", ka shaida masa da hannunka cewa kai ne mai kashe wa abokan aiki gwiwa.

Demoralise da demoralize duk daidai ne. Zaɓi ɗaya, ka tsaya a kai har ƙarshen takarda.

Daga nan sai ka gwada kalmar a ƙamus. Ni Oxford Advanced Learner's Dictionary nake riƙe da shi, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948. Tsohon bugu ma ya wadatar, wajen masu sayar da tsofaffin littattafai ba zai ci maka kuɗi mai yawa ba, a intanet kuwa kyauta ake duba shi. Kada ka tsaya a ma'ana. Sauka ka karanta jimlolin misali da babbar murya, ka ɗora taka jimlar kusa da su, in ba su yi kama ba ka koma mataki na uku.