Tsargiya a yankin Bakolori: yadda ake hana ta dawowa

Tsargiya cuta ce da ake warkewa daga gare ta a sake kamuwa, musamman a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, take shayar da gonakin rani. Wata tsutsa ce ke kawo ta, kuma ƙwan tsutsar yana fita cikin fitsarin mai cutar. Idan ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe ya shige jikin ƙananan dodon-koɗi masu maƙalewa a ciyayin magudanai. Bayan 'yan makonni 'ya'yan tsutsar su fito, su huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa.

Maganin Praziquantel yana kashe tsutsar da ta balaga, amma ba rigakafi ba ne. Yaron da ya sha yau ya koma iyo gobe, aikin ya koma baya. Shi ya sa ake maimaita rabonsa a makarantu, kuma bai kamata iyaye su hana ba. A sha shi bayan an ci abinci.

Ruwan wanka da aka ɗebo daga magudana a ajiye shi kwana biyu, tsutsar za ta mutu. Manoma su sa dogon takalmin roba, a riƙa nome ciyayin magudanai, a daina fitsari da bahaya a bakin ruwa. A tsare yara daga iyo, musamman da tsakar rana, lokacin da tsutsar ta fi fitowa.

Jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ne, alamar tsargiya ne. Idan aka ƙyale cutar shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, don haka a kai fitsarin gwaji asibiti.