Darasi: Tsare Injin Ban Ruwa Daga Ɓarayi da Masu Ɓata Mai

'Yan'uwa manoma, damina ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, yanzu hankali ya koma fadama. Darasinmu na wannan wata a kan injin ban ruwa ne, tare da sauran injunan da ke kwana a waje, watau janareta, da injin niƙa, da famfon sola na rijiyar burtsatse. Ba gyaransu za mu koya ba, wannan aikin makaniki ne. Abin da za mu duba shi ne yadda za a tsare su daga hannun ɓarawo, da hannun mai ƙeta, da kuma gurɓataccen mai.

Iyayenmu da jigo suka yi lambu. Sa'ad da aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975, sa'an nan Shirin Fadama ya biyo baya da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, sai ƙananan injuna masu bakin inci 2 da inci 3 suka bazu cikin ƙauyuka. Yau a ƙasar Kankiya da Kusada da wuya ka ga mai lambun kirki da ba shi da inji, ko nasa na kansa, ko na haya, ko na ƙungiya. Filin da mutum ɗaya ke shayarwa ya ninka na da sau da yawa. Amma fa lambun nan gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan abu guda. Tumatir da ya yi fure cikin zafin Maris, in ya yi kwana uku ko huɗu bai sha ruwa ba, furen zubewa yake yi. Wanda ya ci bashi ya sayi inji da iri da taki, ran da injin ya tsaya, bashin ba ya tsayawa.

Har wa yau akwai wani sabon dalili. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Tankin ƙaramin inji yakan ci lita 3 da ɗan ɗori. A da ba wanda zai ɓata barcinsa domin lita 3. Yanzu kuwa man da ke cikin tanki ya zama abin sata shi ma, mai sayarwa marar tsoron Allah kuma ya sami dalilin yin gauraye.

Abin da ake zubawa cikin tanki

Ruwa shi ne na farko, gama shi ne mafi sauƙin samu. Yaron da aka bar wa gadi yakan zuƙe lita ɗaya ya cika gurbin da ruwa domin kada a gane. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa haɗuwa, don haka sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda mai ke fita zuwa kafireto. Injin zai tashi, ya yi ta tari yana shaƙewa, ya mutu. In ruwan ya daɗe a ciki, tanki ya yi tsatsa, tsatsar kuma ta toshe ƙananan hanyoyin mai.

Batun sukari kuwa, an cika shi da ƙari. Ana cewa wai in an zuba shi yakan narke ya zama alewa ya ƙone inji. Gaskiyar magana ita ce sukari ba ya narkewa cikin fetur. Kwanciya yake yi a ƙasa kamar yashi, ya toshe rariyar mai da kafireto. Ɓarna ce, amma wadda wanki ke gyarawa. Mun faɗi wannan ne domin kada wani makaniki ya tsorata ku ya ce sai an sauya fistin da ringi alhali ba a ko buɗe injin an duba ba.

Wurin da ya fi tanki hatsari shi ne bakin da ake zuba baƙin mai. Yawancinmu ba ma kula da shi. Tanki yana da rariya, akwai kuma ɗan kofi a ƙarƙashin makunnin mai da ke tare datti. Amma ƙananan injunan nan ba su da matatar baƙin mai. Yashi cikin tafin hannu ɗaya, in ya shiga nan, zai bi ko'ina yana gurzar ƙarfe, cikin ɗan lokaci ya cinye injin, wani sa'i har ba ya gyaruwa. Saboda haka kowace safiya, kafin a ja igiya, a zare sandar awon baƙin mai, a murza man tsakanin yatsu biyu. In an ji tsaki-tsaki, ko an ga man ya yi fari kamar madara, alamar ruwa ke nan, kada a tayar.

Sai kananzir ko gas da ake gauraya wa fetur. Alamarsu ita ce inji ya yi wuyar tashi da safe, ya riƙa hayaƙi, ya rasa ƙarfi, fulogi ya yi baƙi kullum. Masu babban injin niƙa mai shan gas su kuma nasu hatsarin a juye yake: fetur ko ruwa cikin gas yakan lalata famfon mai da nozul, waɗannan kuwa kayan tsada ne.

Kwalba da takarda

Ba sai da na'ura ake gane mugun mai ba. A nemi farar kwalba mai tsabta, busasshiya. A zuba man a ciki, a ajiye ta a inuwa minti goma. Mai mai kyau garau yake. In akwai ruwa za a gan shi a gindi, da layi tsakaninsa da fetur. In akwai yashi ko sukari su ma za su kwanta.

Domin gane kananzir ko gas, a ɗiga man kaɗan a kan farar takarda a bar ta ta sha iska. Fetur zalla yakan tashi ya bar takarda kusan yadda take. In ya bar tabon maiƙo da bai bushe ba, akwai gauraye. Sai dai wannan gwaji ba ya aiki ga man ƙaramin janareta irin Tiger, gama shi dama da baƙin mai ake haɗa masa fetur.

Akwai gwaji na uku da ya kamata kowa ya sani. A watan Fabrairu 2022 kamfanin NNPC ya sanar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Motoci da yawa suka lalace, aka yi makonni ana layi a gidajen mai. Ido ba ya ganin irin wannan gauraye. Ga dabara: a zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa cikin kwalba, a yi alama daidai bakin ruwan, a cika da fetur, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye. Metanol yakan bar fetur ya bi ruwa. In an ga ruwan ya hau ya wuce alamar, to, akwai shi a ciki. Duk waɗannan gwaje-gwaje a fili ake yinsu, nesa da murhu da mai shan taba.

Ba mu ce kowane ɗan bumburutu macuci ne ba. A ƙauyen da ke nesa da gidan mai, su ne ke rufa wa manomi asiri. Amma a tsaya ga mutum ɗaya da aka sani, mai gida da iyali a garin, wanda za a iya koma wa in an ga ba daidai ba. Ƙungiya kuma za ta iya haɗa kuɗi ta aiki mutum ɗaya gidan mai a Kankiya da jarkokinta. Jarkar fetur ta zama ta fetur kaɗai, a tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

In kun zo da safe kuka tarar murfin tanki a kwance, ko sawun da ba ku sani ba a gindin inji, abu na farko shi ne kada ku tayar da shi domin ku gwada. Muddin injin bai juya ba, dattin yana inda aka zuba shi. A rufe makunnin mai, a juye tanki cikin kwano, a kwance ɗan kofin nan a wanke, a sassauta notin da ke gindin kafireto man ciki ya zube. In ana shakkar baƙin mai, a zubar da shi duka, bai fi rabin lita da ɗan kai ba, a kira makaniki ya wanke cikin. A ajiye kaɗan daga man da aka juye cikin kwalba domin shaida.

A nan sai mu ja kunne. Ba kowane inji da ya tsaya ba ne aka yi masa ƙeta. Fetur da ya kwana wata biyu ko uku cikin kafireto yakan bushe ya bar danƙo. Ƙurar hunturu takan toshe soson iska. Jarkar da aka bari a buɗe cikin damina takan sha ruwa. Inji da aka tayar ba a cika cikin famfonsa da ruwa ba yakan ƙone sil ɗinsa. Mun sha ganin maƙwabta biyu da suka gaji iyaka ɗaya tun kakanni sun daina gaisawa saboda zargi, daga baya makaniki ya buɗe ya tarar soson iska ne ba a taɓa wankewa ba. Kafin a kira sunan kowa, a bari kwalba da makaniki su yi magana.

Kwaɗo, sarƙa, da ɗaki

Ƙaramin inji nauyinsa tsakanin kilo 20 da 30 ne. Mutum ɗaya zai ɗora shi a bayan babur. Ƙasarmu kuwa a kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina take. Injin da aka ɗauka da tsakar dare a wajen Yashe ko Gidan Mutum Ɗaya, kafin gari ya waye ya kai Kano. Saboda haka maganin da ya fi kowanne shi ne wanda ya fi gajiyarwa: inji ya kwana a gida. Wanda ya iya kai shi fadama da safe a amalanke ko babur, zai iya dawo da shi da yamma. Mesa ma a naɗe ta a tafi da ita, gama mai ƙeta da wuƙa ɗaya zai yi mata huda goma.

In dole ne ya zauna a lambu, a haƙa rami a zuba kankare, a dasa ƙarfe mai lanƙwasa a ciki, a ɗaure injin da gajeriyar sarƙa mai kauri. Sarƙar da ta yi tsawo har ta kwanta a ƙasa tana da sauƙin sarewa da guduma. Mai walda zai iya ƙera ƙarfe da zai haye kan murfin tanki da bakin baƙin mai a sa kwaɗo. Amma kada a liƙe murfin da leda ko roba. Yana da ɗan ramin shan iska, in ya toshe mai ba zai sauka ba. Da an tashi aiki, a rufe makunnin mai a bar injin ya shanye na kafireto ya mutu da kansa, yana jan ruwa har lokacin. Ragowar man tanki a juye cikin jarka a tafi da shi. Tankin da ba kome a ciki ba ya kiran ɓarawon mai.

Janareta na asibiti, ko makaranta, ko majami'a, ko masallaci, a gina masa ɗan ɗakinsa dabam, da ƙofar ƙarfe, da tagogi masu sandunan ƙarfe ta fuska biyu domin iska ta ratsa, bututun hayaƙi kuma ya leƙa waje. Kada tsoron ɓarawo ya sa a shigar da janareta ɗakin kwana ko zaure yana aiki. Hayaƙinsa na ɗauke da guba wadda ba ta da wari, ba a ganinta, ta kashe iyalai da yawa a ƙasar nan suna barci.

Famfon sola ba ya shan mai, amma farantansa da wayarsa ta jan ƙarfe suna da kasuwa wurin 'yan jari-bola. A ɗaga farantan a kan dogon ƙarfe, a ɗiga walda a kan notunan, a binne waya cikin bututu, a rufe bakin rijiya da murfin ƙarfe mai kwaɗo. Wani lokaci ma ba ɓarawo ba ne, yara ne masu harbin tsuntsu da danƙo. Wannan kuwa maganinsa yana hannun iyaye da malamai.

Lamba da shaida

Kowane inji na kirki yana da lamba da aka buga a jikinsa. A rubuta ta cikin littafin ƙungiya tare da sunan mai shi, a ɗauki hotonta da waya, a adana rasit. A kuma buga wata alama da kurfi da guduma a wuri biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye. Fenti ana iya kankare shi. In an yi sata, a sanar da mai unguwa da dagaci nan take, a kai lambar ofishin 'yan sanda ko na Sibil Difens, a kuma gaya wa makanikai da dillalan kasuwannin kusa. Mu ma kada mu sayi inji mai arha da ba rasit, wanda aka goge lambarsa. Mai saye shi ke sa ɓarawo ya koma.

Game da gadin dare, shawararmu ita ce masu lambu a fadama ɗaya su haɗu su yi shi bi da bi, ko su biya mai gadi hakkinsa a kan kari. Mai gadin da ke bin bashin wata uku, shi ne farkon wanda lita 3 za ta ba sha'awa. Amma a halin tsaron da jiharmu ta shiga a 'yan shekarun nan, kada kowa ya kwana shi kaɗai a daji domin inji. A haɗa kai da 'yan sintirin gari, da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023. In an kama wani, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Duka har lahira laifi ne da ya fi satar girma.

A taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya zo da farar kwalba, da ɗan man da yake amfani da shi, da lambar injinsa a rubuce. Magatakarda ya zo da littafi. Za a yi gwajin nan uku a gaban kowa, sa'an nan a tsai da ranar da mai walda zai zaga fadama.