Darasi: Garejin Kanka Ko Na Wani?

Karatu: Luka 14:28-30; Ayyukan Manzanni 18:1-3

Wannan darasi domin samarinmu ne da suka bar ƙauye suka zo Kaduna koyon kanikanci, da kuma iyayen da suka aiko su. Wanda duk ya bi hanyar Yakowa ta Kamazou ya ga garejoji a bakin titi, ga masu faci, ga masu walda, ga masu fenti da masu gyaran wutar mota. Yaro ya yi shekara 4 ko 5 a hannun maigida, an yaye shi. To, sai ina? Ya kafa tasa rumfar, ko kuwa ya yi wa wani aiki?

Iyaye da yawa sun fi son aikin albashi. Ba su da laifi, gama sun ga zamanin Fijo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa mota ƙirar 504 a Kakuri. Dubban mutane suka ci abinci a wurin. Wata ya ƙare, albashi ya fito, ba ruwanka da neman mai mota. Amma tsofaffin motoci daga Turai suka zo suka cika kasuwa, ciniki ya faɗi. A 2006 gwamnati ta sayar da yawancin hannun jarinta, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓi kamfanin saboda bashi. Ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Ku lura da wannan: wanda ya san inji ciki da waje ya iya kafa rumfa ya ci da iyalinsa. Wanda ya yi shekaru yana ɗaure noti iri ɗaya a kan layi, shi ne ya fi shan wuya.

Saboda haka in za ka yi wa wani aiki, kada ka tambayi albashi kaɗai. Tambayi kanka, me hannuna zai ƙara koyo a nan?

Mai zaman kansa fa? Samari sukan ce, "Ni ne ogan kaina." Gaskiya ne, amma mai fili ma oga ne, mai karɓar haraji ma oga ne. Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya. Ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, domin kada ya tsaya a harsashi mutane su yi masa dariya. Mu ma mu zauna mu yi namu. A ce ka sami naira 20,000 ranar Litinin. Ba taka ba ce duka. Fitar da kuɗin haya, da abincin yaran da ke koyo a wurinka, da kuɗin mota zuwa Panteka neman kaya, da na sifanar da ta ɓace. Talata da Laraba kuma ko mota ɗaya ba ta tsaya ba. Ga ɗan'uwa a ikkilisiya da ya ce zai biya ƙarshen wata, kai kuwa kana jin kunyar tuna masa. (Wannan bashi na 'yan'uwa ya kashe garejoji fiye da ɓarayi, a ganina.) In ka yi zazzaɓi mako guda, babu wanda zai biya ka. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, mutane da yawa suka ajiye motocinsu a gida, bakanike kuwa ya wuni yana kallon hanya.

Akwai kuma wani abu. Motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki. Kunne da sifana ba su isa ba, sai da na'urar da ake jonawa ta nuna inda ciwon yake. Sabon yaye ba shi da kuɗin sayenta, amma babban gareji yana da ita.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawa. Bulus manzo ne, duk da haka da ya iso Koranti ya zauna wurin Akila da Biriskilla, suka yi ɗinkin tanti tare. Aiki a inuwar wani ba abin kunya ba ne. Ka yi shekara ɗaya ko biyu a garejin da ake kawo motoci iri iri. Ku shirya da maigida tun farko, a gaban shaida, ko albashi ne ko kashi daga kuɗin aiki. Kowane wata ka sayi ƙarfen aiki ɗaya naka na kanka. Shiga adashi. Sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ranar da masu mota suka fara tambayarka da suna, kayan aiki sun cika akwati, kana kuma da kuɗin haya da na abincin wata uku a ajiye, lokacin tashi ya yi. Ka yi sallama da maigida da kyau, kada ka janye masa mutanensa a ɓoye, gama za ka koma aron jak wata rana.

Iyaye, kada ku sayar da gona domin a buɗe wa yaro gareji ranar yaye. A taron zumuntar matasa na wannan wata, ku gayyato bakanike ɗaya mai garejin kansa da ɗaya mai albashi. Kowa ya faɗi abin da ya shigo hannunsa a watan jiya da abin da ya rage, a rubuta a allo.