Karen da Tsawa ke Firgitawa: Ajiye Tsumagiyar Tukuna

Duk damina sai ka ji ƙorafin nan a ƙauyukan Ɗanbatta. Kare ne ƙosasshe, yana kwana a bakin garke, ya yi rani yana gadin lambu a gefen dam ɗin Tomas, amma hadari na haɗowa daga gabas sai ya tsinke igiya ya shige ƙarƙashin rumbu yana karkarwa. Wani kuma ba ruwansa da tsawa, bindigar toka ko nokawut ɗin yara ranar Sallah ne ke sa shi ɓacewa. Maigida ya ce ragon banza ne, ya jawo shi waje, ya zane shi wai don ya yi zuciya.

Malam, ajiye tsumagiyar. Tsoron ƙara ba lalaci ba ne, kuma ba karenka kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a 2020 kan karnuka fiye da 13,000 a ƙasar Finland ya nuna kusan ɗaya cikin uku na fama da shi. Duka kuwa abu guda yake koya wa kare: in sama ta yi ƙara, hannun maigida ma abin gudu ne. Daga nan cizo ke farawa, domin karen da aka ƙure a lungu ya fi mai haushi a fili haɗari.

Koyi karanta jikinsa tun kafin abin ya yi nisa. Zai matse wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa su kwanta baya, ya riƙa lasar leɓe da hamma alhali ba barci yake ji ba. Zai yi haki ko da iska na kaɗawa, ya kawar da kai har ka hango farin idonsa. In ka miƙa masa ƙanzo ya shinshina ya ƙi, tsoron ya kai inda ya kai. A wannan hali a janye yara daga wurinsa. Gurnani ma kada a hukunta shi a kai, gargaɗi ne yake yi. In ka hana shi gargaɗi, wata rana sai dai ka ji ihun yaro.

Amma tukuna, a tabbata tsoro ne. Karen da halinsa ya juye farat ɗaya ba hadari ba harbi, muryarsa ta sauya, yawu na dalala, baki a sake, yana cizon itace da ƙasa, wannan ba na lallashi ba ne. Ana zargin ciwon haukan kare. A rufe shi ba tare da an taɓa shi ba, a kira malamin dabbobi. Wanda ya ciza ko ya yakusa a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Rigakafi ana yi wa kare tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara.

To, in tsoro ne zalla, maganin farko maɓoya ce. Karen da ya zaɓi ƙarƙashin rumbu ya riga ya gaya maka abin da yake so: wuri mai duhu, matsattse, mai rage ƙara. Bar masa shi, ko ka gyara masa lungun ɗakin ajiya na ƙasa. Rumfar kwano ba ta dace ba, ruwa in ya sauka a kanta ƙarar ninkuwa take yi. Shimfiɗa buhu, ɗora tsohuwar rigarka da ba a wanke ba, ajiye ruwan sha, ka bar ƙofa a buɗe. Ka riƙa ba shi abinci a wurin tun cikin rani don ya san nan gidan daɗi ne. Kuma don Allah a daina barin kare ɗaure a gindin darbejiya ana walƙiya. Ko akuya ba a yi mata haka.

In ya raɓo jikinka lokacin tsawa, kada ka kore shi don wai za ka shagwaɓa shi. Zauna abinka, yi masa magana ƙasa-ƙasa, kunna rediyo ta ɗan danne ƙarar. Wasu karnukan suna samun sauƙi in an naɗe musu ƙirji da tsohon zani, ɗauri mai ɗan kama jiki wanda yatsu biyu za su shige. Ba kowanne yake yi wa aiki ba, kuma a cire in ana zafi.

Aikin da ke daɗewa shi ne horo, kuma lokacinsa rani ne. Ɗauki ƙarar tsawa a wayarka. Kunna ta ƙasa sosai, yadda zai ɗaga kunne kawai bai tashi ba, nan take ka jefa masa guntun nama marar yaji da albasa, don albasa tana lalata jinin kare. Ƙara ta fara zuwa, nama ya biyo baya, kada a juya. Minti biyar ya isa a rana. Bayan kwanaki ka ɗan ƙara murya. In ya ƙi ci, ka yi sauri ke nan, koma baya. Abin yana cin makonni, wani lokaci watanni. Mafarauci ma haka ya kamata ya saba wa karensa da harbi, daga nesa ana matsowa, ba a tashi bindiga a kan kunnensa ba.

Mai ɗan kwikwiyo shi ya fi kowa sa'a. Daga mako uku zuwa kusan goma sha biyu abin da ya gani lafiya lau shi zai ɗauka ruwan dare. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako takwas. Ya ji babur da injin markaɗe daga nesa, ya ga amalanken shanu masu wucewa kasuwar Lahadi, ya saba da yaran da ba sa jifa.

Saura magani. Kada ka shiga kemis ka sayo masa ƙwayar barci ko taramol, haka parasitamol da ibuprofen suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Akwai magungunan rage firgici na karnuka, amma likita ke auna su da nauyin jiki, kuma wanda ke sa kasala kawai yana barin kare da tsoronsa, ga shi ba halin gudu. Babban karen da tsoron ƙara ya same shi da rana tsaka a duba gaɓoɓinsa da kunnensa: masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna a 2018 cewa ciwon jiki kan zo tare da irin wannan firgici. A garin Ɗanbatta da ke da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako bai kamata a rasa wanda za a tambaya ba. In za ka je, ɗauki bidiyon karen a waya lokacin da abin ya taso masa, don a gaban likita ba lallai ya nuna komai ba.