Kuɗin Leƙa Babban Hanji Da Cire Tsiro: Daga Ina Saɓanin Yake Fitowa?

Daga cikin tambayoyin da suke zuwa gare mu, mu likitocin ciki da hanji, babu wadda ta fi wuyar amsawa a taƙaice kamar ta mutumin da aka rubuta wa gwajin leƙa babban hanji, ya je wani asibiti a Kano aka yanka masa kuɗi, ya sa ɗan'uwansa ya bincika a Abuja aka faɗi abin da ya zarce wancan nesa, wani kuma ya ba shi labarin abin da ya biya a Ikko ko Alƙahira, sa'an nan ya komo yana cewa, "Likita, shin aikin nan ba ɗaya ba ne?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma haƙƙinsa ne a warware masa ita, domin malamanmu na fiƙihu, a babin ciniki da ijara, sun sharɗanta a san abin da za a biya, a kuma san abin da za a karɓa, don gudun garari, to, ina ga cinikin da lafiyar ɗan Adam ce a cikinsa.

Shi wannan gwaji, wanda a asibiti ake ce wa kolonoskofi, ana yin sa ne da wani bututu mai lanƙwasuwa, tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, da fitila da kyamara a bakinsa, a shigar da shi ta dubura, a bi babban hanji lungu-lungu har mahaɗarsa da ƙaramin hanji, sa'an nan a janyo shi sannu a hankali ana nazarin bango. Abin da muke farauta, ban da gyambo da kumburi da ciwon dajin da ya riga ya kafu, shi ne ɗan tsiron da yake fitowa a jikin bangon hanji, wanda galibi ba ya ciwo, ba ya hana mutum cin tuwonsa, amma wani irinsa, in aka bar shi shekara goma ko abin da ya yi kusa da haka, yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Tun 1969, sa'ad da likitoci biyu a Amurka, Hiromi Shinya da William Wolff, suka fara zarge tsiron da waya ta cikin bututun suna yanke shi, aka huta da tsaga ciki dominsa. Kuma wani dogon bincike da aka bayyana sakamakonsa a can a 2012 ya nuna cewa waɗanda aka cire wa irin wannan tsiro, mutuwa ta sanadin dajin hanji ta ragu a cikinsu da kashi 53 cikin 100. Saboda haka maganar kuɗin nan ba ƙarama ba ce a wurina.

Asalin saɓanin yana cikin aikin kansa, domin ayyuka biyu ne aka tara a ƙarƙashin suna guda: akwai kallo, akwai kuma cirewa. Kallo ana iya yanka masa kuɗi tun daga ƙofa. Cirewa kuwa, likita bai san abin da zai tarar ba sai ya shiga, gaibu sai Allah. Wani za a same shi da ɗan tsiro guda wanda bai kai milimita 5 ba, a zarge shi a tsinke cikin ɗan lokaci; wani kuma a tarar da shimfiɗaɗɗen tsiro mai faɗin santimita 2 ko fiye, wanda sai an yi allurar ruwa a ƙarƙashinsa ya taso daga bango, an yanke shi gutsure-gutsure da waya mai ɗauke da wutar lantarki, sa'an nan an ɗinke gurbin da wasu 'yan maƙalai na ƙarfe don tsoron zubar jini. Wayar nan, da allurar, da maƙalan, duk sau ɗaya aka halatta amfani da su a jefar, duk kuma daga ƙasashen waje ake sayo su. To, wani asibiti kuɗin kallo kaɗai yake faɗa, sauran sai bayan an farka a ji su. Wani kuwa ya dunƙule kome ya faɗi jimla. Mai kwatanta su biyun ya yi daidai da wanda aka yi wa tayin buhun gero a Dawanau sau biyu, ɗaya da kuɗin dako da mota, ɗaya babu, ya ɗauka na farkon ne ya tsauwala.

Bayan wannan akwai maganin wankin ciki da ake sha tun jajibirin ranar, wanda sau da yawa mara lafiya ne yake saye da kansa a kemis. Akwai kuma allurar barci, ita ma hawa biyu ce: mai sauƙi, wadda likitan da yake aikin yake bayarwa, mutum ya yi gyangyaɗi yana jin magana sama-sama, da mai nauyi, wadda sai an ɗauko likitan sa barci ya tsaya a kan numfashi, shi ma da ladansa. Mai ciwon zuciya, ko mai ƙiba ƙwarai, ko wanda za a daɗe a cikinsa, tsayuwar wannan likita a kansa maslaha ce bayyananna, amma da yawa daga cikin mutane ta farkon ta wadatar da su.

Inda nake so mai karatu ya tsaya ya natsu shi ne gwajin tsoka. Duk abin da aka ciro daga hanji wajibi ne a sa shi a kwalba a aika ɗakin gwaji, inda wani likita dabam zai yanka shi siriri ya duba a madubin likita, kuma kuɗinsa dabam ne, sakamakonsa kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni. A nan ne na fi ganin iyalai suna ja da baya. Sai babban ɗa ya jawo ni gefe ya ce, "Likita, tun da an cire abin, Baba kuma ya samu sauƙi, a bar wannan gwajin mana." Ni kuwa in ce masa, "Malam, in za a rage wani abu a takardar nan, to, ba wannan ba." Dalili kuwa, ido ba ya yanke hukunci a kan tsiro. Akwai wanda ba ya zama kome har abada, akwai wanda yake kan hanya, akwai wanda dajin ya riga ya fara a cikinsa, har sai an koma an yanke wani yanki na hanjin. A ƙasarmu kuma, musamman wajen masu noman rani da masunta, akwai tsiron da ƙwan tsutsar tsargiya ta hanji yake haddasawa, wanda maganinsa ƙwayoyi ne masu araha. Takardar gwajin ce take faɗa mana wanne ne, ita ce kuma take yanke ko mutum zai komo bayan shekara uku, ko biyar, ko fiye. Wanda ya biya kuɗin cirewa ya ƙi na gwaji, ya bar rabin abin da ya saya a asibiti.

Amma ko da an daidaita duk waɗannan, gari da gari ba za su zo ɗaya ba. Na'urar galibi daga kamfanoni uku na Japan take fitowa, Olympus da Fujifilm da Pentax, da dala ake sayen ta, da dala ake gyara ta, in ta lalace kuma sau da yawa sai an aika ta nesa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ta fita ta haura 1,500. A Afrilun 2024 kuma aka mai da kuɗin wuta na rukunin da ya fi samun lantarki naira 225 kowane ma'auni, ga man dizal na janareta, domin ba a barin wuta ta ɗauke bututu yana cikin mutum. Ga kuma wanke na'urar tsakanin mara lafiya da mara lafiya, da sinadarai masu tsada da lokacin da ba a gajarta shi, a ƙasar da ciwon hanta ya yawaita. Asibitin gwamnati, da yake hukuma ce take ɗauke da albashi da gini, yakan fi sauƙi, sai dai a jure wa layi; asibitin kuɗi kuwa, hayar gini a Maitama ba irin ta Sabon Gari ba ce, kuma a kan mara lafiya ake raba ta. Masu wannan sana'a kuma 'yan kaɗan ne, sun taru a manyan birane da inda asibitocin koyarwa suke, kamar Kano da Shika da Jos da Maiduguri, don haka mutumin karkara sai ya haɗa da kuɗin mota, da masauki, da abincin ɗan rakiya, tun da wanda aka yi wa allurar barci ba a sallamarsa shi kaɗai.

Kada a zaci wannan ciwon ƙasarmu ne kurum. A 2013 jaridar New York Times ta yi dogon rahoto a kan wannan gwaji, ta kawo cewa matsakaicin kuɗinsa a Amurka dala 1,185 ne, alhali a Suwizalan 655, wasu Amurkawan kuma ana kawo musu takardar dubban daloli, gwargwadon ko a babban asibiti aka yi ko a ƙaramar cibiya, da kuma yadda kamfanin inshorarsu ya yi ciniki da asibitin. Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarinsu shi ne na tsofaffin da suke ƙarƙashin inshorar gwamnati, Medicare: gwajin rigakafi kyauta ne, amma a da, da zarar an ga tsiro an cire, sai a ce ya tashi daga bincike ya koma magani, a ɗora wa tsoho kashi 20 cikin 100, wato a ci shi tara a kan abin da aka shiga nema tun farko. Sai a ƙarshen 2020 majalisarsu ta yi dokar janye wannan a hankali, ya koma kashi 15 daga 2023, zai koma 10 daga 2027, ya ƙare a 2030. A Ingila kuwa hukuma ce take biya, har ma tana aika wa dattawa kayan gwajin bayan gida ta gidan waya. Bututun ɗaya ne a ƙasashen nan duka, hanjin ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda yake yanka farashi da wanda yake biya. Daga nan na sakankance cewa tsada ba hujjar ƙwarewa ba ce, kamar yadda araha ba hujjar ha'inci ba ce.

Abin da yake nuna ƙwarewa ana iya tambayarsa, kuma likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. A nemi a rubuta kuɗin dalla-dalla, a ji ko ya haɗa da barci da cirewa da gwajin tsoka, a ji kuma iyakar abin da zai iya kaiwa in tsiron ya zo da girma. A tambaya, in an ga tsiro, a zaman nan za a cire shi, ko kuwa kallo kaɗai kayan wurin suke iyawa? Domin na sha karɓar mutanen da aka leƙa a wani wuri aka ce an ga tsiro amma babu waya, suka sake shan maganin wankin ciki, suka sake kwana da yunwa, suka sake biya. A tambaya ko za a ba da hoton da yake shaida an kai ƙarshen hanji, ko kuma akwai likitan fiɗa kusa in jini ya ɓalle ko bango ya huje, abin da ba safai yake faruwa ba amma yana faruwa. Ƙa'idar sana'armu ita ce kada janyo bututun ya gaza minti 6, domin a fitowa ake ganin tsiro. Shi ma mara lafiya da nasa rabon amanar: in ya sha rabin maganin don ɗacinsa ko don tsimi, hanji bai wanku ba, to, likita ba zai ga bango ba, sai an maimaita.

Na san cewa a Nijeriya fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuwa, ko da yake ta wajabta inshora a kan kowa, har yanzu ba ta kai ga yawancin manoma da 'yan kasuwa ba. Wanda yake da ita ya nemi izinin kamfaninsa a rubuce kafin ranar aiki. Wanda ba ya jin kome a jikinsa, ya kuma kai shekara 45, yana iya farawa da gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida, mai sauƙin kuɗi, in ya nuna jini sa'an nan a leƙa. Amma wanda yake ganin jini da idonsa, ko bayan gidansa ya sauya makonni, ko yana ramewa, ko jininsa yana ƙarewa ba dalili, kada ya tsaya nan, kada kuma ya kashe shekara yana shan maganin basir, domin da yawa daga cikin waɗanda muke samu da dajin dubura da wannan suna suka yi ta jinyarsa, kuma a wurinmu yana kama masu shekara arba'in da 'yan kai, har da waɗanda ba su kai ba. In kuwa takardar gwaji ta tabbatar da daji, ko babban tsiro mai haɗari, to, a sanar da 'ya'ya da 'yan'uwa shaƙiƙai, domin su nasu binciken yana farawa ne tun suna shekara 40, ko kuwa shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwansu, duk wanda ya riga zuwa.