Tsakanin Gidan da Aka Sayar da Wanda Ba a Shiga Ba

A cikin aikina na lauya a Kano, inda mafi yawan abin da ke zuwa gabana takardun cinikin gidaje ne da filaye, na lura cewa mutumin da ya sayar da gidan da yake ciki ba kasafai yake cutuwa a wurin ciniki ba, domin a nan idonsa a buɗe yake, ga dillali ga shaidu, kowa yana taya shi jan farashi. Cutuwarsa tana zuwa ne a watannin da ke tsakanin ranar da kuɗi suka shiga hannunsa da ranar da ya kwana a sabon muhalli, lokacin da ya rabu da nasa bai kama wani ba, alhali kuwa unguwa duk ta ji labarin ya yi kuɗi.

Farkon ruɗi shi ne a ɗauka farashin da aka yi sallama a kansa shi ne abin da za a riƙe. Dillali zai ɗauki la'adarsa, mai rubuta takarda zai karɓi ladan aikinsa, sa'an nan in akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru, ko na wuta da ruwa, mai saye ba zai yarda ya gaje shi ba. Wannan duk ƙarami ne a kan abin da ke jira a ɗaya ɓangaren, domin wanda ya sayar yau shi ne mai saye gobe, kuma bisa al'ada mai saye ke ɗaukar nauyin mayar da takardu zuwa sunansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta shar'anta cewa mai takardar mallaka ta gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da izinin gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, cewa jinginar da aka ƙulla ba da wannan izini ba ɓatacciya ce. Neman izinin nan, da kuɗin hatimi, da na rajista, dukansu kuɗi ne, wanda kuwa ya zuba duk abin da ya samu a farashin sabon gida, sai ya zauna shekaru a cikinsa da takarda mai sunan wani.

Amma abin da na fi ganin ya jefa magidanta cikin ƙunci shi ne wa'adin tashi. Sau da yawa akan yi ciniki cikin mutunci, mai saye ya ce, "Haba Alhaji, ku zauna har ku sami wuri, ai ba gaggawa," mai sayarwa kuwa ya ji kunyar cewa a rubuta, don kada a ce bai yarda da mutum ba. Bayan 'yan makonni sai ga tifar yashi an juye a ƙofar gida, magina suna auna bango, iyali suna ciki. A nan ne mutum yake karɓar duk gidan hayar da dillali ya nuna masa, ya biya kuɗin shekara guda a dunƙule da wata sabuwar la'ada, ko kuwa ya faɗa wa gidan da ba a bincika takardunsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka babu wani abin kunya ga Musulmi ya ce a rubuta ranar da zai miƙa makulli, da abin da zai biya in ya zarce ta. Haka kuma idan biyan kashi-kashi ne, a rubuta ranar ciko, kada asalin takardar gida ta bar hannun mai ita sai ya tabbatar daga bankinsa, ba daga saƙon da aka nuna masa a waya ba, cewa kuɗin ƙarshe sun zauna. Na sha ganin wanda ya karɓi kafin alƙalami, ya je ya ba da shi kafin alƙalami a wani gidan, sai mai sayensa ya kasa cikawa, cinikin nan biyu suka rushe tare, ana binsa a nan, yana bin wani a can.

Sai kuma inda kuɗin za su kwana. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka zamanin ƙirga kuɗin gida a zaure ya wuce. Bankin ma yana da nasa hukunci: hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamuntar miliyan 5 ne ga kowane mai ajiya a kowane bankin kasuwanci, kuma da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, masu fiye da haka sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Ba na cewa a yayyaga kuɗin gida a bankuna goma. A raba su biyu ko uku, kada a haɗa su da asusun cefane, a kuma gajarta zamansu, domin kuɗin gida a hannu kamar ƙanƙara ne a watan bazara. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, watau wanda ya riƙe kuɗinsa a waccan shekarar yana jiran gidan da ya fi masa daɗi, ya iske siminti da rodi da fuloti sun tsere masa. Mai gudun riba yana iya sa su a ajiyar mudaraba ta gajeren wa'adi a irin bankin Jaiz ko TAJ. Wanda kuwa aka ce masa ya kawo a juya masa kafin ya sami gida, ya tuna da yadda kuɗin jama'a suka nutse a tsarin MMM a 2016 da na CBEX a 2025. 'Yan'uwa masu neman rance sun fi waɗannan wuyar tunkuɗewa, ni dai shawarata ita ce a ware abin da za a iya bayarwa kyauta tun ranar farko, saura a ce kuɗin matsugunin iyali ne, wanda wajibi ne a wuyan maigida.

Akwai mas'alar zakka da ake mantawa. Gidan da mutum yake zaune a ciki babu zakka a kansa, amma a mazhabar Malikiyya kuɗinsa suna fara ƙirgar shekara daga ranar da aka karɓe su, idan kuma shekara ta kewayo suna nan, sun kai nisabi, rubu'in ushuri ya wajaba, watau miliyan 1 a cikin miliyan 40.

Kwasar kaya ita ce mafi sauƙi, in an yi ta da tsari. Kayan ɗakin mata dukiyarsu ce, kada a sayar da kabad ko gado don bai shiga sabon ɗaki ba sai da yardar mai shi. A yi jinga da mai a-kori-kura da 'yan dako kafin a ɗora kaya, takardu da gwala-gwalai kuwa su bi mai su a jikinsa. A rubuta lambar mita da abin da ke kanta ranar tashi, a sallami maƙwabta, a kai gaisuwa ga mai unguwar da aka koma. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne a san unguwar kafin a biya: ko akwai ruwa ko sai an haƙa burtsatse, nawa ne kuɗin motar yara zuwa makaranta, yaya kuma layin yake kasancewa a watan Agusta, gama gidajen da ake tallatawa da rani ba duka suke shiguwa da damina ba.

Roƙona ga duk magidancin da ke da niyyar sayar da gidan da iyalinsa suke ciki shi ne, kada ya ce ya sallama sai ya ga gidan da zai koma da idonsa, an bincika masa takardunsa a ma'aikatar ƙasa, an kuma rubuta masa wa'adin tashi a gaban shaidu.