DARASIN KIWO: CIWON HANTSA DA RASHIN ƊAUKAR CIKI GA SHANUN TATSA

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yankin Kura da Bunkure da Kadawa ya samu ruwan noman rani. Shanu na samun karan shinkafa da na alkama da ɗanyar ciyawar bakin kwalbati. Amma inda ruwa ya kwanta akwai taɓo da ƙudaje, kuma a nan ne ciwon hantsa yake samun gindin zama.

Makiyaya da yawa sun ɗauka asarar wannan ciwo ta tsaya a ƙwaryar nono. Alhali yana iya hana saniya ɗaukar ciki.

Menene ciwon hantsa?

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane da kan nononsa. Ƙwayoyin cuta na shiga ta ƙofar kan nono daga taɓo, ko kashin shanu, ko hannun mai tatsa. Sai hantsa ta kumbura, ta yi zafi, nono ya tsinke ko ya yi gudaji, wani lokaci har da jini. Akwai kuma nau'in da ke ɓoye: ido ba ya ganin komai, sai dai nono ya ragu. Malamin dabbobi ne ke gano shi ta hanyar gwajin nono.

Yaya yake shafar haihuwa?

1. Saniya mai lafiya takan nemi sa kusan kowane kwana 21. Idan ciwo ya sa mata zazzaɓi ta rage cin abinci, sai ta rame, ƙwanta ya yi jinkirin nuna, neman sa ya makara.

2. Jikin da ke yaƙi da kumburi yana fitar da wasu sinadarai cikin jini. Su kan rage sinadarin da ke riƙe ciki. Idan ciwon ya kama ta cikin makonnin farko bayan barbara, ƙaramin cikin na iya lalacewa ba wanda ya sani. Sai dai a ga ta sake neman sa.

Mu yi lissafi. Saniya na goyon ciki kimanin kwana 283. Idan barbara ta faɗi sau uku, an yi asarar kwana 63, wato maraƙi da nonon sabuwar haihuwa duk sun ja baya da wata biyu.

Abin da ya kamata a yi

1. A kafa garke a kan tudu, nesa da ruwan kwance, a riƙa kwashe kashi.
2. Mai tatsa ta wanke hannu da sabulu, ta wanke kan nono, ta goge da tsumma mai tsabta.
3. A tatsi ɗigon farko cikin baƙin kwano a duba ko akwai gudaji.
4. A fara da masu lafiya, mai ciwo ta zo ƙarshe.
5. Bayan tatsa ƙofar nono ba ta rufewa nan da nan. A ba saniya ciyawa ta tsaya kamar rabin awa kafin ta kwanta.
6. A kira malamin dabbobi da wuri. Kada a sayi allura a kasuwa bisa ka.
7. Nonon saniyar da ke kan magani ba na sha ba ne, ba na sayarwa ba, sai kwanakin da malami ya faɗa sun cika.

A lura: idan saniya ta yi ɓari da babban ciki, a nemi gwajin bakkale, domin ita ma tana jawo haka, kuma tana kama mutane ta ɗanyen nono. A dafa nono kafin a sha. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ɗaki nawa hantsa take da shi?
2. Bayan kwana nawa saniya ke sake neman sa?
3. Don me ake barin mai ciwo sai ƙarshen tatsa?